Dada Dijatu Ta Shiga Majalisa

Salome ta zo wajen Dada Dijatu bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce in wata ya ƙare za ta bar ɗakin.

Dada tana zaune a tsakar gida tana yanka kuɓewa a faifai. Gidan nata ne, a unguwar Lokuwa cikin Mubi. Mijinta Malam Hamman ya rasu ya bar mata shi da ɗakuna a jere, ta zuba 'yan haya, yawancinsu 'yan mata masu karatu. Salome 'yar Michika ce, ta fi kowa daɗewa a gidan, kuma ba a taɓa jin bakinta da kowa ba. Don haka Dada ta ajiye wuƙar.

"Rufin ne yake yoyo?"

"A'a, Dada."

"Wata ta yi miki wani abu?"

"Ba wadda ta yi min komai. Ƙofar gidan ce."

A ƙofar gidan akwai dogon dakali na siminti a ƙarƙashin darbejiya, marigayi ne ya gina shi da hannunsa. Gefensa shagon Mansir mai cajin waya. Daga la'asar zuwa magariba maza ne suke cika dakalin. Akwai Mansir ɗin kansa, da wani saurayi Zailani wanda kullum yake jiran wani aiki da aka yi masa alkawari a Yola, da wasu da suke zuwa suna tafiya. Babbansu shi ne Bappa Abdulƙadiri, tsohon dillalin shanu, aminin marigayi.

"Ai mutanen kirki ne," in ji Dada. "Kullum sai sun gaishe ni."

"Mu ma suna gaishe mu."

"To?"

Salome ta nemi inda za ta kama maganar. Sannan ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba. In ta fito sai a ce 'yar Michika ta fito. In ta dawo a ce sista, yau ba murmushi? In ta amsa a ce muryar ma daɗi gare ta, in ba ta amsa ba a ce girman kai. Ranar da ta sa sabuwar atamfa Zailani ya ce kaya sun iso daga Kamaru, sauran suka yi dariya. Na'imatu ta ɗakin ƙarshe hijabinta har ƙasa yake ja, ita kuma tambayarta ake yi yaushe za a buɗe shago.

"Sun zage ki?"

"A'a."

"Sun taɓa ki?"

"A'a."

"To ni ban ga abin tashi ba."

"Ban ce ki gani ba, Dada. Na zo ne in faɗa miki da wuri ki samu wata."

Kafin ta tashi ta ƙara da cewa ita ta daɗe ba ta bi ta ƙofar gaba ba. Ta ƙaramar ƙofar baya take fita, wadda ake fitar da shara, ta bi gefen kwata ta ɓullo titi ta bayan masallaci. Kusan duk 'yan matan gidan haka suke yi. Dada ba ta san da wannan ba. Ta lura dai sakatar ƙofar baya ta yi laushi, ta ɗauka tsufa ne.

Washegari da hantsi ta aika aka kira mata Bappa Abdulƙadiri. Ya zo ya zauna a zaure, ya saurare ta har ta gama, yana juya hularsa a gwiwa.

"Dijatu, yaran yanzu ba a iya musu," in ji shi. "Ka yi shiru su ce ka raina su, ka gaishe su su ce ka tare musu hanya. Gaisuwa kuwa addini ne. Ina zaune a wajen nan kullum, ban taɓa jin an faɗi kalmar banza ba. Wasa ne na samari."

"Wasa da wa?"

"Da su mana."

"Su suna wasan?"

Bappa ya ce wannan kuma sai a tambaye su. Ya sha ruwa ya tafi.

Da la'asar ta yi, mazan sun hallara an soma maganar canjin sefa, kuɗin Kamaru, sai ga Dada ta fito da kujerarta 'yar tsuguno a hannu ɗaya, faifan gyaɗa a ɗayan. Ta ajiye kujerar a ƙarshen dakalin ta zauna.

"Jam hiri, Dada," suka gaishe ta da Fillanci.

"Jam."

"Lafiya dai?" in ji Mansir.

"Cikin gida ya yi zafi."

Ba a taɓa ganin mace ta zauna a majalisar ba. Amma dakalin nata ne, darbejiyar tata ce, shagon Mansir ma a jikin katangarta yake. Ba wanda zai iya hana ta. Ta soma ɓarar gyaɗa.

Ranar nan mata da yawa sun wuce, masu dawowa daga kasuwa da 'yan makaranta, ba wanda ya ce wa kowa uffan. An yi maganar farashin masara, an yi ta ƙwallo, an koma kan sefa. Zailani ya duba wayarsa har cajinta ya ƙare. Da aka kira magariba kowa ya tashi da sauri kamar an sallami aji.

Washegari ta sake fitowa. Jibi ma haka. A hankali suka saba da ita kamar yadda ake sabawa da turmi a tsakar gida, suka soma mantawa tana nan. Wata rana wata budurwa ta zo wucewa da leda a hannu, Zailani ya bi ta da ido ya ce, "Masha Allah."

"Me ka gani?" in ji Dada, idonta a kan faifai.

"Ba komai, Dada. Ambaton Allah nake yi."

"Madalla."

Can sai ga wani mai tura kurar ruwa, dattijo, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Zailani," in ji Dada, "ga wata halittar."

Zailani ya dubi mutumin. Ya dubi Dada. Ya ce, "Masha Allah." Mai ruwan ya waiwayo, ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba da tura kurarsa. Kafin magariba Zailani ya yi wa wani mai gyaran takalmi Masha Allah, ya yi wa ɗan sanda, ya yi wa wani da ya wuce da akuya a kan babur. Dada ba ta bar ko ɗaya ya wuce ba. Daga ranar bai ƙara ambaton Allah a dakalin ba sai in atishawa ya yi.

Bayan 'yan kwanaki wasu 'yan mata biyu suka zo wucewa ta ɗaya gefen titin, Zailani ya yi musu "tss, tss."

"Wa kake kira?"

"Mai keke, Dada."

Aka yi sa'a akwai keke napep tafe babu fasinja. Dada ta ɗaga hannu, mai keken ya tsaya.

"Ga shi."

Zailani ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya shiga. Mai keken ya ce ina za a je, ya ce mu je kawai. Ana dab da magariba ya dawo a ƙafa. Ba wanda ya tambaye shi inda ya je.

Mansir shi gyaran murya ne nasa. In mace ta zo daidai shagon sai maƙogwaronsa ya motsa, sau biyu a jere. Dada ta shiga gida ta dawo da citta da kanumfari a ƙulle a leda, ta ce ya dinga taunawa, irin wannan tarin shi ya soma kama marigayi. Mansir ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Kullum in ta fito sai ta tambaye shi ya jikin.

Rannan dai Mansir ya gaji.

"Dada, don Allah ki faɗa mana a fili. Wanne ne laifi, wanne ne ba laifi ba? Sallama fa? In na ce wa mace sannu, na yi laifi?"

"Ni ban hana kowa komai ba. Iska nake sha."

"To in yarinya ta yi kwalliya ta fito, don wa ta yi?"

"Ka tambaye ta."

"Ai in na tambaye ta kin ce na yi magana."

"To kada ka tambaye ta."

Wani malamin firamare da yake zama da su jefi-jefi ya ce a ganinsa abin ya danganta da niyya. Zailani ya ce shi niyyarsa aure ce. Aka tambaye shi wacce daga ciki, ya ce bai tsayar ba tukuna. Aka yi ta ja har aka zo kan kallo. Malamin ya ce kallo ba magana ba ne, ido ba shi da murya. Dada ta dubi Bappa Abdulƙadiri. Shi Bappa bai taɓa ce wa wata yarinya ko sannu ba. Wuyansa ne kawai yake raka mace daga shagon Mansir har kwanar masallaci, sannan ya dawo da shi a hankali ya ci gaba da jan carbi.

Bappa ya ga kallon da ta yi masa. Ya gyara zama.

"Dijatu, bari in tuna miki wani abu. Ke da marigayi a ina kuka haɗu?"

"A Digil."

"A Digil, a bakin hanya. Muna zaune a kan wani kututture, ni da shi, kika zo wucewa da ƙwarya a ka za ki kasuwar Mubi. Ya ce mai ƙwarya, taka a hankali kada ki zubar mana. Ina wajen. Kullum sai ya faɗa. Ga shi an yi aure, an haifi 'ya'ya, an gina gida. Da ya yi shiru fa?"

Samarin suka yi dariya, Zailani har da tafa hannu. Dada ta ɓare gyaɗa biyu ta jefa a kwano.

"Ka tuna lokacin da kuka daina ganina?"

"An ce ba ki da lafiya."

"Lafiyata ƙalau. Hanya na canza. Ta cikin mayo, rafin nan, nake bi, har da damina, ruwa iya nan." Ta nuna ƙugunta. "Sau ɗaya ruwan ya tafi da ƙwaryar, Inna ta dake ni. Auren kuwa baffanninsa ne suka je wajen Baba. Sai da aka kai ni na gane shi ne na kan kututturen."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ba a tambaye ni ba."

"Shi ma bai sani ba?"

"Na faɗa masa bayan an haifi ɗanmu Mahmoud. Ya ce ai wasa yake yi."

Bappa ya ja carbinsa. Aka koma maganar masara.

Zaman majalisa ya karɓi Dada. Ta san wanda ya sayi fili, ta san wanda aka kama da man fetur a hanyar iyaka, ta soma sa baki a maganar ƙwallo ba tare da ta taɓa kallo ba. In ta gaji da ɓarar gyaɗa, ta koma tsinkar zogale. Kuma da yake yanzu titin a gabanta yake, ta soma ganin abubuwan da ba ta gani daga tsakar gida.

"Ke, zo nan. Wannan siket ɗin na ƙanwarki ne?"

Yarinyar ta ja siket ɗin ƙasa ta wuce da sauri.

"Ke kuma 'yar gidan waye? Mayafin a kafaɗa ake sa shi yanzu?"

Wata ta zo wucewa tana waya tana dariya, Dada ta ce a rage murya, titi ne. Wata ta sha jan baki, Dada ta tambaye ta ko manja ta sha. Mazan kuwa suna dariya, dariyar wanda aka ba izini. Zailani ya soma taɓa ta da baki in ya hango wata daga nesa. "Dada, ga wata can." Ita kuma sai ta ɗaga kai ta duba.

Wata ya kusa ƙarewa, da safe, Dada ta fito zuba wa kaji dusa ta ga Salome tana ɗaure littattafai a kwali. Takalminta a bakin ƙofa, gefensa duk baƙin taɓon kwata.

"Har yanzu ta baya kike bi?"

"E, Dada."

"Ai na gyara miki ƙofar. Ba mai cewa komai yanzu. Ki tambayi kowa."

"Na sani. Sun yi shiru."

"To?"

Salome ta ƙulla igiyar kwalin ta miƙe.

"Yanzu ke ce, Dada."

Dada ta tsaya da kwanon dusa a hannu. Kaji suka taru a ƙafarta.

"Ni faɗa nake yi. Ni uwa ce."

"Haka ne."

"Abin da nake faɗa don amfaninku ne."

"Haka ne, Dada. Amma in na fito ta gaba, duk wanda ke dakalin zai dube ni daga kai har ƙafa, sannan in jira in ji abin da za a ce. Da can in na shigo gida na huta. Yanzu mai faɗar ta san ɗakina."

Dada ta watsa wa kajin dusar gaba ɗaya.

"To me kike so a ce miki in kin wuce?"

"Abin da ake ce wa Levi."

Levi shi kaɗai ne namiji a cikin 'yan hayar, yana ɗakin zaure, yana aiki a wani kantin magani.

"Me ake ce masa?"

"Ba komai. Wani lokaci a ce Levi sannu, ya ce yauwa, ya wuce. Ba wanda ya san kalar wandonsa."

Dada ta ce ita ba a taɓa yi mata irin wannan rashin kunyar a gidanta ba. Salome ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Dada ta ce ta tashi, ba ta ce ƙarya ta yi ba, ta ce rashin kunya ne. Ta shige ɗaki.

Ranar ba ta fita majalisa ba, washegari ma haka. Tana daga tsakar gida tana jiyo su. Da farko shiru. Can ta ji tarin Mansir ya dawo. Can ta ji "tss, tss," kuma ba ta ji keke ya tsaya ba.

Da ta sake fitowa, ta ajiye kujerar a inda ta saba. Wata yarinya ta taho da wando da ƙaramar riga, Zailani ya ce, "Dada, ga wata can." Dada ba ta ɗaga kai ba.

"Na gan ta. Hanya take bi."

"Ba ki ga kayan jikinta ba?"

"Zailani, wandon Levi wane kala ne?"

"Wane Levi?"

"Na ɗakin zaure. Ya wuce ɗazu."

Zailani ya ce bai lura ba. Dada ta ce to. Ba ta yi bayani ba, shi ma bai nema ba.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Bakinta ya riga ya saba. Wani lokaci sai maganar ta taho har leɓe, ta mayar da ita da ƙwayar gyaɗa. Ta gano cewa in ba ta gani ba ba ta da abin faɗa, don haka in ta ji takun mace sai ta sunkuyar da kai kan faifai har takun ya wuce. Bappa Abdulƙadiri, wanda tun ranar maganar Digil ya rage surutu, shi ma ya soma yin haka, idonsa a kan carbi. Wuyansa yakan motsa kaɗan, ya tsayar da shi.

Samarin ba su jure ba. Majalisar da ba a magana a kan masu wucewa, kuma ba a dariyar faɗan Dada, ba ta da sauran armashi. Zailani ne ya fara ɗauke ƙafa, ya ce iskar wajen mai shayi na layin baya ta fi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mansir ya koma cikin shagonsa ya kunna rediyo.

Salome ta tashi ranar da ta ce za ta tashi, domin ta riga ta yi magana da masu sabon ɗakin. Keke ya tsaya a ƙofar gaba aka loda katifa da kwalaye. Ta durƙusa ta yi wa Dada sallama, Dada ta ba ta gyaɗa a leda ta ce ta gaida mutanen Michika. Sabon mayafin Salome ya yi mata kyau. Dada ta gani, ba ta faɗa ba.

Ba a daɗe ba wata mata daga layin baya, Rukayya mai ɗinki, ta yi sallama a gidan. Ta ce ta zo ne a kan samarin da Dada ta koro musu. Yanzu 'yan matan da take koya wa ɗinki ba sa iya zuwa sayen zare sai sun zagaya.

"Ban kori kowa ba," in ji Dada.

"To sun dai dawo mana."

"In ara miki kujerar?"

"Dada, ni ina da aiki."

Dada ta ce wannan gaskiya ne, abin yana cin lokaci. Ta ce a gwada gaya wa Jauro, mai unguwa. Rukayya ta ce an gaya masa, ya tambaya ko sun zagi wata ko sun taɓa wata. Sannan Rukayya ta tambayi inda Dada take sayen zogale.

Na'imatu ce ta fara komawa bin ƙofar gaba, sauran suka biyo. Dakalin ya rage daga Bappa a wannan ƙarshen sai Dada a wancan, tsakaninsu fili. Suna hirar shanu da mutanen da suka rasu. In mace ta taho su biyun su sunkuyar da kai, hirar ta tsaya, sai ta wuce su ɗora daga inda suka tsaya.

Wata la'asar wata mata ta zo da 'yarta daga Digil, an gaya musu akwai ɗaki a gidan. Suka sauka daga keke suka nufo ƙofar. Suka tarar da tsoho da tsohuwa zaune a dogon dakali, kowa kansa a ƙasa, ba mai magana. Matar ta rage tafiya, ta gyara mayafi, ta ja hannun 'yarta suka durƙusa.

"Ashe rashi aka yi. Ba mu ji ba. Ya haƙuri?"

Bappa ya dubi Dada ta gefen ido.

"Da godiya," in ji Dada.

"Allah ya jiƙan musulmi."

"Amin. Ɗakin kuka zo gani?"

Matar ta ce e, amma in ba lokacinsa ba ne za su iya dawowa. Dada ta ce ba komai. Ta miƙa wa Bappa faifan zogalen ya riƙe mata, ta tashi ta shige gaba. Ta nuna musu rijiya da makewayi, ta ce ana kawo wuta in an ga dama, sannan ta buɗe musu ɗakin.